Yadda Ake Sayen Tirelar Doki Mai Araha Wadda Ba Za Ta Jefa Dokin Cikin Haɗari Ba

Wanda kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba, kuma yake neman tirelar ɗaukar doki, ta hannu zai saya, kuma babu aibu a cikin haka. Tirela ba ta da inji, ba ta da giya. Ƙarfe ce da katako da tayoyi da birki da 'yan wayoyi, dukkansu abubuwan da ido zai gani, hannu ya taɓa, muddin mutum ya yarda ya durƙusa ya leƙa. Inda ake yin kuskure shi ne mai saye ya tsaya kallon fenti da tagogi da wurin rataye sirdi, alhali abin da ke riƙe da ran dokin yana can ƙarƙashin kofatonsa: daɓe, shasi, aksul, birki da taya. Tirelar da fentinta ya koɗe amma ƙasanta garau ita ce ake nema. Wadda ke sheƙi a sama tana ruɓewa a ƙasa kuwa, ko kyauta aka ba ka, ta yi tsada.

## Fara da motar da za ta ja

Kafin ka kalli tirela ko ɗaya, buɗe littafin motarka ka nemo lambobi uku: nauyin da aka yarda ta ja idan tirelar tana da birki, nauyin da aka yarda ya sauka a kan ƙwallon ja da ke bayanta, da jimillar nauyin mota da tirela a haɗe. Waɗannan lambobin su ne iyakarka, ba ƙarfin da kake jin injin yana da shi ba. Mota takan iya tayar da kayan da ba za ta iya tsayar da shi a gangare ba.

Lissafin ba wuya. Tirelar dawaki biyu mai ja ta baya, wato wadda ake ɗaurawa a ƙwallon bayan mota, in babu komai a cikinta, takan yi kilo 900 zuwa 1,500, gwargwadon ƙirarta da abin da aka yi ta da shi. Matsakaicin dokin hawa yakan yi kilo 450 zuwa 550. A ce tirelar kilo 1,000 ce, dawaki biyu kilo 1,000, sirdi da ruwa da ciyawa kilo 150, ka tashi da 2,150 ke nan. Kada ka dogara da motar da iyakarta ke nan cif. Ka bar rara ta kusan kashi ɗaya cikin biyar, wato motar da aka rubuta mata 2,700 ko fiye. Dalili shi ne doki kaya ne mai rai. Nauyinsa a sama yake, kan dogayen ƙafafu, kuma ba ya zama wuri ɗaya: in ka shiga kwana ya jingina, in ka taka birki ya yo gaba, in ya tsorata ya kai shuri. Duk wannan motar tana jin sa a bayanta.

Nauyin da ke sauka kan ƙwallo shi ma da nasa hukuncin. Tirelolin ƙirar Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsu ya sauka can, na ƙirar Turai kuwa an yi su ne su ɗora ƙasa da haka, galibi bai wuce kilo 150 ba. In ya yi kaɗan, tirelar za ta riƙa lilo a baya da zarar an ɗan yi gudu. In ya yi yawa, gaban motar zai ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, birkin gaba ya rage kamu.

Ka kuma bincika abin da lasisinka ya ba ka dama, don doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Tarayyar Turai, alal misali, mai lasisi ajin B da ke jan tirelar da ta wuce kilo 750 yana tsayawa ne a kilo 3,500, in an haɗa iyakar nauyin da aka yarda wa mota da wadda aka yarda wa tirela. In zai wuce haka sai ya ƙara wa lasisinsa ajin B96 ko BE.

## Auna dokin, sannan ka zaɓi ƙira

Ɗauki tef ka auna tsayin dokin daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, sannan zuwa saman kunnuwa yayin da ya riƙe kansa yadda ya saba, sannan tsawonsa daga ƙirji zuwa kuturi. Rubuta su ka tafi da su. Tirelar da tsayin cikinta ya kai mita 2.13 tana isar dokin da bai wuce mita 1.6 a kafaɗa ba. Wanda ya fi haka tsayi yana son mita 2.3. Ka bar aƙalla taƙi guda tsakanin kansa da rufi. Tsofaffin tireloli da yawa, waɗanda su ne suka fi araha, gajeru ne matsattsu, wasu da ƙyar suke kai mita 2. Dokin da ya taɓa buga ƙeya a rufi zai yi ta turjiya duk lokacin da aka zo shigar da shi, kuma ba walda ce za ta ƙara wa tirela tsayi cikin sauƙi ba.

Ga mai ƙaramin kuɗi, wadda ta fi dacewa ita ce ta dawaki biyu mai ja ta baya, mai aksul biyu, wadda dawakin ke fuskantar gaba. Aksul biyu ba ado ba ne: in taya ɗaya ta fashe, ukun da suka rage za su riƙe tirelar har ka samu wurin tsayawa. Wadda dawaki ke tsayawa a karkace tana cin dawaki da yawa a ɗan wuri, sai dai faɗin tirelar ne ke ƙayyade tsawon mazaunin, don haka dogon doki yakan takura, hanci a bango, kuturi a bango. Mai dogon wuya da ake ɗaurawa cikin bodin a-kori-kura ta fi zama daram a hanya, amma ta fi tsada kuma sai da irin motarta.

Akwai wadda ake yawan rainawa, wato buɗaɗɗiyar tirelar dabbobi mai ramuka a gefe. Takan fi araha, iska na ratsa ta sosai, haske na shiga, kuma dawaki da yawa sun fi saurin shiga cikinta. In tsayinta ya isa kuma babu ramin da kofato zai maƙale, zaɓi ne mai kyau. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki tirelar kaya ta gama-gari a mayar da ita ta doki. Daɓenta an yi shi ne don kayan da nauyinsa ya bazu, ba don rabin tan da ke tsaye kan kofato huɗu ba.

## Kada kuɗin su ƙare a wurin saye

Ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke hannunka, ka ɗauka kamar babu su. Kusan duk tirelar hannu tana buƙatar wani abu daga cikin waɗannan: sababbin tayoyi, giris da boris, gyaran birki, wayoyi, ko sauya katakon daɓe. Ga kuma abin da motar ke so, kamar ɗaura ƙarfen ja, da na'urar sarrafa birki in tirelar mai birkin lantarki ce. Ga rajista da inshora. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a saye, shi ne ke cewa bari a yi tafiya ɗaya da tsofaffin tayoyin tukuna.

In a shekara sau biyu ko uku kawai dokin ke tafiya, ka yi lissafin haya ko haɗa kuɗi da wani mai doki kafin ka saya. Tirelar da ke ajiye ma lalacewa take yi, wani lokacin fiye da wadda ke aiki.

## Ranar zuwa gani

Tun ta waya ka tambayi shekarar ƙira, yaushe aka sauya daɓe, yaushe aka buɗe boris, a ina take kwana, kuma me ya sa ake sayarwa. Ka nemi hoton ƙarƙashinta da hoton farantin da ke ɗauke da lambar shasi da nauyi. Ka je da rana, ba da magariba ba, kuma ba cikin ruwan sama ba, don jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibu. Ka riƙe tocila, babbar sukudireba, ƙaramar guduma, jak, tef, ma'aunin iskar taya da tabarmar da za ka kwanta a kai. In kana da makanike ko mai walda da ka amince da shi, ka biya shi ya raka ka. Wannan ɗan kuɗin yana cikin mafi amfani a duk cinikin.

## Daɓe: nan za ka fi daɗewa

Babu haɗarin tirela da ya kai ƙafar doki ta burma ta daɓe ana cikin gudu muni, kuma direba ba lalle ya sani ba sai ya tsaya. Don haka shimfiɗar robar da ke ciki dole a fitar da ita gaba ɗaya, ba a ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa ba. Tana da nauyi, mai sayarwa zai iya nuna ƙyuya. In ya ƙi, ka yi masa sallama ka tafi.

In daɓen katako ne, ka kafa bakin sukudireba ka danna da ƙarfi, kana juyawa. Lafiyayyen katako zai ƙi karɓa, sai ɗan tabo. In ta nutse, ko katakon ya yi laushi, ko ya riƙa marmashewa, ya ruɓe. Kada ka gwada tsakiya kawai, don tsakiya ce ke fara bushewa. Ruɓa tana farawa ne a inda fitsari da ruwa ke kwanciya: bakin bango inda kan katakon ya shiga cikin ƙarfe, kusurwoyin baya inda ƙafafun baya ke tsayawa, da kewayen kusoshi. Bayan ka gama ta sama, ka kwanta ka maimaita ta ƙasa, katako bayan katako. Sau da yawa sama yana da kyan gani, ƙasa ya zama dusa. Daɓen falankin da aka manna shi hawa-hawa kuwa, ka duba bakinsa: in ya kumbura ko hawan ya fara rabuwa, ruwa ya riga ya shige shi.

Ana yawan zaton daɓen alminiyum ba ya lalacewa. Ba ya tsatsa, gaskiya ne, amma fitsarin doki yana cin sa in aka bar shi kwance ƙarƙashin roba. Alamar ita ce farin gari a fuskar ƙarfen da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Ka share garin ka haska tocila. In ramukan sun yi zurfi, ko haske yana fita ta ƙasa, ƙarfin daɓen ya tafi. Ka duba bakin walda ko akwai siririyar tsaga, ka kuma duba duk inda alminiyum ya haɗu da baƙin ƙarfe, don in damshi ya shiga tsakaninsu alminiyum ɗin ne ke cinyewa.

Ruɓaɓɓen katako kaɗai bai isa ya hana ka saye ba, in dai ƙarfen da ke ƙarƙashinsa lafiya yake, domin sauya shi aiki ne da kafinta zai yi a yini ɗaya ko biyu. Ana sa katako mai ƙwari ko wanda aka jiƙa da maganin ruɓa, kaurin santimita 4 zuwa 5, a bar 'yar tazara kamar rabin santimita tsakani don ruwa ya zube. A ɗaure da kusoshi marasa tsatsa, saboda maganin da ke cikin irin wannan katakon yana cin baƙin ƙarfe da alminiyum. Kuma a sauya duka, ba a yi faci ba. Daɓen alminiyum da ya cinye kuwa gyaransa da tsada, galibi ya fi ƙarfin mai neman araha.

## Shasi da tsatsa

Tunda kana kwance a ƙasa, bi shasin daga gaba zuwa baya. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja-ja ta fuska wadda in ka goge za ka tarar da ƙarfe mai ƙwari, wannan buroshin waya da fenti ne maganinta. Akwai kuma wadda ke ɓarewa falle-falle, ƙarfen ya kumbura. Ka ƙwanƙwasa da guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ci kuwa ƙararsa a dushe take, wani lokacin ma gudumar ta lotsa shi.

Wuraren da ba a yi musu sassauci su ne ƙarafan da suka gitta suna tallafe da daɓe, inda sifirin ko aksul ke kama shasi, ƙarfen baya da ke riƙe da ƙofa, da wuyan gaba, wato ƙarfen da ke miƙewa zuwa mota, inda ya haɗu da jikin tirelar. Tsaga ko cin tsatsa a nan, ka haƙura da ita. Ka yi hattara da sabon baƙin fenti mai kauri da aka fesa a ƙasa dab da sayarwa, da sabuwar walda a wuri ɗaya. Ka tambayi dalili. Ka ja baya ka hango ta daga gaba da baya: in ta karkace gefe ɗaya, ko ƙofofi ba sa rufuwa sai an ɗaga su, wataƙila ta taɓa yin haɗari. Ƙasan bango daga ciki, inda kashi da fitsari ke taruwa, shi ma ka dudduba shi da sukudireba.

## Taya, boris da birki

Tayar tirela tsufa ne ke kashe ta, ba gogewa ba. Za ka ga zanenta cike kamar sabuwa, alhali robar ta bushe saboda rana da zama. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta wuce shekara biyar zuwa shida, ka sa kuɗin sauya ta cikin lissafi, har da safaya. Ka duba tsattsagewa a gefe da cikin zane. Ka duba lambar nauyi ma, wadda ke gefen tayar tana nuna abin da za ta iya ɗauka: 94 kilo 670 ke nan, 96 kilo 710, 100 kilo 800, 104 kilo 900. Tirelar da iyakarta kilo 2,700 ce kan taya huɗu, kowace taya tana ɗauke da kusan 675, don haka mai lamba 94 ba ta isa ba. Tayar ƙaramar mota da aka sa don araha ba ta da ƙwarin gefe da wannan aiki ke so. In taya ta cinye ta gefe ɗaya, aksul ya lanƙwashe ko ya goce.

Ɗaga kowace ƙafa da jak. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza: motsi kaɗan ƙwarai ba laifi, amma in tana ƙwas-ƙwas, boris ya saki ko ya cinye. Juya ta da hannu ka saurara. Gurnani ko tsayawa-tsayawa alamar boris ya bushe ne. Boris ba shi da tsada, amma in ya ƙone a hanya yana iya cin bakin aksul, har tayar ta fice. Irin wanda ake buɗewa, ana wanke shi a sa sabon giris duk shekara ko bayan kimanin kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa.

In sifirin ganye ne, ka nemi ganyen da ya karye, da ramukan marataya da suka faɗaɗa suka zama kamar ƙwai. In aksul mai roba a ciki ne, ka duba ko tirelar ta zauna har taya ta kusa taɓa murfinta. Wannan roba in ta mutu, aksul ɗin duka ake sauyawa.

Birki iri biyu za ka fi tararwa. Na lantarki yana karɓar umarni daga na'urar da ke cikin mota. Ɗayan kuwa turi ne ke kama shi: in mota ta rage gudu, tirelar ta turo gaba, wuyanta ya matse ya ja birkin. A irin wannan, ka duba robar da ke rufe da wuyan ko ta yage, ka tura wuyan da ƙarfi. In ya shige ba tare da turjiya ba, shokozobar ciki ta mutu, kuma tirelar za ta riƙa dukan motar duk taka birki, dokin yana shan jijjiga. Ja birkin hannu ka ga kowace taya ta kame. Tirelar da aka daɗe da ajiyewa da birkin hannu a ja, takalmin birkin yakan manne da diram. In za a yarda a buɗe diram ɗaya, abin da ke gogar diram ɗin kada kaurinsa ya gaza milimita 1.5, kuma kada ya kasance ya jiƙe da giris.

Sai birkin ko-ta-kwana, wanda ke kama tirelar in ta ɓalle daga mota. A na lantarki, siririyar waya ce ke zare wani fil, ƙaramin batir ya kama birkin. Ka zare fil ɗin da tayar a ɗage: dole ta kame nan take. In ba ta kame ba, yawanci batirin ne ya mutu. Ka cire fulogin tirelar daga mota kafin wannan gwajin, ka kuma mayar da fil ɗin da wuri.

## Mahaɗi da wuta

Girman kofin mahaɗi, wato bakin wuyan tirelar da ke hawa kan ƙwallo, dole ya yi daidai da ƙwallon motarka. A Turai milimita 50 ne, a Amurka inci 2 ko inci 2 da 5/16. Milimita 50 da inci 2 sun yi kusa har ido ba ya bambancewa, amma ba ɗaya ba ne, kada a cakuɗa su. Bayan ka haɗa ka kulle, ka juya jak ɗin gaban tirelar sama: in ya kama da kyau, bayan motar zai fara ɗagawa tare da shi. In akwai sarƙoƙi, ana gitta su ne ta ƙarƙashin wuyan don su tare shi in ya faɗo.

Tirelar ta tsaya miƙe daidai, ba hanci sama ba, ba hanci ƙasa ba. In ta karkata, aksul ɗaya ne zai ɗauki yawancin nauyin, musamman a mai roba, tayoyinsa su yi zafi su fashe.

Sa wani ya tsaya a baya ka gwada fitilar birki, sigina ta kowane gefe da fitilun dare. In fitilu suna ƙyaftawa tare ko suna dushewa, galibi wayar da ke haɗe da jikin shasi ce ta yi tsatsa. Gyara ne mai sauƙi, kada ya kore ka.

## Shiga ciki ka duba da idon doki

Rufe ƙofofin kana ciki. Akwai haske? Iska na shiga ta sama, tana fita ta baya? Doki yana fitar da zafi da tururi mai yawa, kuma tirelar da ba ta shan iska tana jawo masa ciwon huhu a doguwar tafiya. Tagogi su kasance da sanduna ko raga. Shafa tafin hannunka a bango, shingen tsakiya, bakin ƙofa da rufi, duk abin da ya karce ka zai yanki dokin. Tsatsa ko layin ruwa a rufi na nufin yoyo, yoyo kuma daɓe yake ci.

Sandar ƙirji da sandar baya, wato waɗanda ke tare dokin ta gaba da ta baya, su shiga su fita ba da guduma ba, kuma fil ɗinsu ya zama na asali, ba ƙusa ko waya ba. Wadda ake iya kwance sandar ƙirjinta daga waje ta fi, don in doki ya haye sandar ya maƙale, ba mai iya shiga ya tsaya gabansa. A samu ƙofar gefe da mutum zai fita. In ƙofar baya mai saukowa ce ta zama gadar hawa, ka sauke ta, ka hau ka yi tsalle a kai, ka duba hinjinta da katakon da ke ƙarƙashin robarta, don nan ma ruɓa take ɓuya. Mutum ɗaya ya iya ɗaga ta. In ta yi nauyi, sifirinta ya gaji.

## Gwaji a hanya, takardu da ciniki

Ja ta babu doki na kamar kilomita 10 zuwa 15. Ka lura ko tana bin motar a miƙe, ko tana lilo, ko tana ja gefe in ka taka birki. In na lantarki ne, a fili marar cunkoso kana tafiya a hankali, ka kama birkin tirelar kaɗai da hannu ta na'urar, ya kamata ka ji ta riƙe motar. Da ka tsaya, kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba komai. Wadda ta fi sauran zafi sosai, boris ne ko birki mai kamawa. Wadda ta yi sanyi ƙalau bayan an yi ta taka birki, birkinta ba ya aiki.

Lambar shasi da ke jikin farantin, wadda a yawancin tireloli haruffa da lambobi 17 ne, ta yi daidai da ta takarda da wadda aka buga a ƙarfen. Farantin da aka kankare ko aka sake kafawa da sababbin kusoshi alama ce ta kayan sata, kuma tirelolin dawaki suna cikin abin da ɓarayi ke so. Sunan da ke takarda ya zama na mai sayarwa, ka tabbatar babu bashi a kanta, kada kuma ka tura kafin alƙalami kan abin da ba ka gani da idonka ba. A rubuta rasit mai ɗauke da lambar shasi, kwanan wata, kuɗi da sa hannun ku biyu.

Wajen ciniki, ka zo da jerin abin da ka gano da kuɗin gyaran kowanne kamar yadda makanike ya faɗa, ka nemi a cire su daga farashi. Taya, boris, wayoyi, katako, roba da fenti duk abin ciniki ne. Cinyayyen shasi, lanƙwasasshen wuya, gajeren rufi da takardun da ba su daidaita ba, ba a cinikinsu. Lokacin da harkar wasanni da tafiye-tafiyen dawaki ta lafa, masu sayarwa sun fi sassauci.

## Kafin dokin ya hau

Gyaran yana da jeri: daɓe da shasi, sannan birki, boris da taya, sannan wuta. Fenti ya jira. Duk tayar da aka cire aka mayar, a sake ɗaure notinta bayan kilomita 40 zuwa 50 na farko. In akwai sikelin manyan motoci kusa, ka auna tirelar, don gyare-gyaren shekaru sukan ƙara mata nauyi fiye da abin da farantin ya ce.

Ba a shigar da doki tirelar da ba a haɗa da mota ba, nauyinsa zai iya ɗaga gabanta. In doki ɗaya ne, ko ɗaya ya fi nauyi, a sa shi gefen da ke kusa da tsakiyar titi, saboda titi yana gangarawa ne zuwa baki. A rufe sandar baya kafin a ɗaure ragama, a kwance ragama kafin a buɗe sandar, in ba haka ba dokin da ya ja baya yana ɗaure zai firgita ya ji wa kansa ciwo. Igiyar ta ba shi damar sunkuyar da kai don ya fyace ƙura, amma kada ta yi tsawon da ƙafa za ta shiga. Tafiyar farko ta zama gajeriya, a tashi a hankali, a fara rage gudu tun daga nesa, kada a ƙara wuta sai tirelar ta gama fita daga kwana. A doguwar tafiya a tsaya duk awa uku zuwa huɗu a ba shi ruwa. In an dawo, a kwashe kashi, a ɗaga robar a wanke ƙarƙashinta, a bar daɓen ya bushe sarai kafin a mayar da ita.